Motar da Ba Ta Shaƙewa Sai a Hannun Sannu-Sannu

Shekara talatin da ɗaya Sannu-Sannu ya yi yana tuƙi a gida ɗaya, kuma ko kaza bai taɓa takewa ba. Tun yana saurayi, in ya hau titi sai ka rantse ƙwai ya ɗauko a bayan mota. Masu babur su wuce shi, masu keke su yi masa ba'a, shi kuwa ko a jikinsa. Marigayi maigidan ne ya laƙaba masa sunan, wata rana da suka makara zuwa ɗaukar baƙo a tasha. Ya ce, "Kai dai Sannu-Sannu, ko gobara ake yi a bayanmu ba za ka ƙara wuta ba." Sunan ya bi shi, har matarsa in ta so tsokana da shi take kiransa.

Aikinsa ba shi da wani rikici. Da sassafe ya iso a kan kekensa, ya buɗe ƙofar waje, ya ɗauko bokiti da tsumma a sito. Ya wanke mota tas, ya ɗaga bonet, ya duba baƙin mai, ya leƙa ruwa, ya zaga tayoyi huɗu yana dukansu da ƙafa. Sannan ya kunna, ya tsaya hannu a baya yana sauraron injin. Sai ya gamsu zai je ya ƙwanƙwasa ya ce a fito.

Maigidan ba mutum ne mai yabo da baki ba. Ka yi masa aiki shekara guda, "madalla" ɗaya ba za ka ji ba. In ya yarda da kai, makulli yake ba ka. A shekara ta biyu ya miƙa wa Sannu-Sannu na ƙofar waje. Daga baya na sito, na ɗakin injin wuta, na tankin ruwa, na shagon kasuwa, na ofis, na durowar ofis, har da na kwaɗon keken 'yarsa ta fari, don ita kullum sai ta yar da shi. Duk wanda aka ba shi, sai ya zura shi a wani ƙaton zoben ƙarfe tare da makullin mota, don a cewarsa abin da ke jikin mota ba ya ɓata, tunda inda mota take nan yake. Suka taru har goma sha tara. In yana tafe a tsakar gida, tun daga nesa kake jin kacau-kacau. Kuma bai taɓa barin zoben nan a hannun kowa ba. Ko gareji ya kai mota, sai ya zare abinsa ya jefa aljihu, ya ɗauko makulli na biyu da ke zaune shi kaɗai a akwatin gaban mota, ya miƙa wa bakanike. "Makullan gidan mutane ne," in ji shi, "ba nawa ba ne balle in bayar."

Shekara huɗu ke nan da maigidan ya rasu. Gida ya koma hannun 'yar nan mai yar da makullin keke. Yanzu likita ce, kuma kowa Likita yake ce mata, har shi da ya riƙa ɗaga ta yana ajiyewa a kujerar baya tun ƙafarta ba ta kai ƙasa. Ita kuwa Baba take ce masa. Ta sayi tata motar tana kai kanta asibiti, ta bar masa ta mahaifinta ya riƙa kai 'ya'yanta biyu makaranta yana ɗauko su. Motar ta haura shekara ashirin, amma tsufa ne da aka kula da shi.

To a bana ne ta tsiri wani hali. Ana cikin tafiya lafiya lau, sai ta fizga kamar wanda ya yi tuntuɓe, injin ya ɗauke na ƙiftawar ido ya dawo. Wani lokaci salansa ta biyo da ƙara, tau! Sai ta yi kwana uku ba ta yi ba, ran na huɗu ta yi sau biyar kafin a kai makaranta. Duk mai mota ya san babu cutar da ta kai wannan ban haushi. Motar da ta mutu murus ai da sauƙi, a tura ta gareji a ga abin da ya mutu. Amma cuta mai zuwa tana tafiya, wannan maƙaryaci take mai da mutum.

Ta kuwa mai da shi. Ya kai wa bakanikensu na tun zamanin marigayi. Bakanike ya karɓi makulli, ya zaga gari ya dawo ya ce, "Baba, motar nan ta fi ni lafiya." Amma tunda an zo, ya canza fulogi. Bayan kwana biyu ta fizga. Aka koma, ya canza wayoyin fulogi. Ta fizga. Aka wanke kabureta, aka canza matatar mai, aka canza koyil, wato 'yar tukunyar da ke ƙara wa wuta ƙarfi kafin ta isa fulogi. Haka ake yi in ba a ga cuta ba, a yi ta sauya abin da bai ci ba bai sha ba har a gaji. Motar kuwa a hannun bakanike ko tari ba ta yi, da Sannu-Sannu ya karɓa sai ta koma halinta.

Ana haka Auta ya sa baki. Ƙanin Likita ne, magidanci da gemunsa, amma har yau Auta ake kiransa, kuma har yau magana ba ta kwana a bakinsa. Ya ɗauki makulli na biyu ranar hutu, ya yi doguwar tafiya da motar, ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Yaya, ni fa ban ji komai ba. Mota ba ta yi a hannun bakanike, ba ta yi a hannuna, sai a hannun Baba? Ai ba sai an yi dogon bincike ba. Ƙafarsa ce ke rawa a kan totur. Shekaru ne, ba laifinsa ba ne."

Sannu-Sannu yana tsaye da tsumma a hannu yana ji. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi a kan "ba laifinsa ba ne" ɗin nan.

Ranar Litinin abin ya wuce wasa. Akwai inda hanyar makaranta ke tsallaka babban titi, kuma daidai bakin wurin kwalta ta farfashe, duk gargada ce. Ya duba hagu ya duba dama, ya shiga, motar ta shaƙe a tsakiyar titi. Ga tifa tafe da yashi. Mai tifa ya taka birki har ƙasa, ya tsaya saura ƙiris, ya leƙo ta taga ya zage shi tas. Kafin ya gama zagin motar ta dawo da kanta kamar ba ita ba. Yaran ba su yi kuka ba, amma da aka koma gida ƙaramar ta kwashe labari kaf ta faɗa wa uwarta.

Da yamma Likita ta kira shi falo. Ta ce, "Baba, zauna." Ya zauna a bakin kujera.

"Ni ban ce ƙafarka ce ba," in ji ta. "Amma yara ne a cikin motar nan. Daga gobe ni zan kai su. Ka riƙe motar zuwa Juma'a. In ba a gano komai ba, ka huta haka nan, Baba. Ba abin da za ka rasa a gidan nan."

Ya ce, "To, Likita." Bai ga laifinta ba. Da shi ne uban yaran, abin da zai yi ke nan.

Da ya koma gida ya zauna a kan benci, ya cire takalmi, ya jawo wani bulo ya ɗora ƙafar dama a kai yana dannawa yana saki. Matarsa ta fito da kwanuka ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, yau kuma ƙafa ake koya wa tuƙi?"

"Zo ki duba tsakani da Allah. Tana rawa?"

Ta sunkuya ta duba. "Kowace ƙafa aka ƙura wa ido haka ai sai ta yi rawa."

Bai yi dariya ba. Tsoro yake ji, kuma ba na zaman gida ba ne kawai. Tsoronsa kada maganar Auta ta zama gaskiya, ya zama ya yi wata da watanni yana ɗaukar 'ya'yan mutane da ƙafar da ba ta jin maganarsa. Ya ce mata in dai ƙafar ce, ba zai jira a karɓi makulli ba, da hannunsa zai kai.

Ta ce, "Kafin ka kai, ka je wurin ƙanena mana. Girman kai ne ya hana ka, ba wani abu ba."

Ƙanen nata mai gyaran wayar mota ne, kuma da gaske Sannu-Sannu ba ya son zuwa wurinsa, don bakinsa ba linzami. Sai-Na-Gani ake ce masa. Ka kawo mota ka yi masa bayani tun daga farko har ƙarshe, amsa ɗaya ce, "Sai na gani." Ba ya kwance ko ƙusa ɗaya sai cutar ta nuna kanta a gabansa, shi ya sa masu sauri ba sa jituwa da shi. Rumfarsa 'yar ƙarama ce, wayoyi ja da baƙi da shuɗi na rataye a jikin kwano, tsofaffin batura jere a ƙasa, ga gwangwanin madara cike da ƙananan ƙwayayen fitila.

Yana ganinsa ya ce, "A'a, Mijin Yaya! Yau hanya ta ɓace ne? Ko tun jiya ka taso sai yanzu ka iso?"

Sannu-Sannu ya haɗiye wannan, ya faɗa masa komai, har maganar ƙafa bai ɓoye ba.

"Da suka gwada motar, kana ciki?"

"A'a."

"To mota suka gwada, ba su gwada tafiyarka ba. Kai za ka tuƙa, hanyar da ka saba, yadda ka saba. Ni fasinja ne."

Ya zaro ƙwan fitila ɗaya daga gwangwani, mai wayoyi biyu dogaye. Ya maƙala ɗaya a wayar da ke kawo wa koyil wuta, ɗayar ya ɗaure a jikin ƙarfen mota, ya zuro ƙwan ta taga ya manna shi a gabansa. Da aka kunna mota ƙwan ya kama.

"Ka ga wannan? Muddin wuta na zuwa, yana ci. In mota ta fizga shi yana ci, to ba wuta ba ce, sai mu koma kan mai, ko kan ƙafar taka. In kuwa ya ƙifta, ƙafa dai ba ta kashe fitila."

Talata suka yi sawu uku zuwa makaranta da dawowa, motar ta yi lamo. Laraba ma haka. Sannu-Sannu, wanda ya yi wata uku yana roƙon kada ta fizga, yau shi ne ke roƙon ta fizga, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga. Sai-Na-Gani kuwa yana zaune yana cin gyaɗa, idonsa a kan ƙwan, yana cewa da a ƙafa suka taho da tuni sun kai.

Ranar Alhamis da hantsi, daidai gargadar bakin babban titi, ta fizga.

"Ka gani?" Sai-Na-Gani ya daka tsawa. "Ka gani?"

"Titi nake kallo."

"To ni na gani. Ya ƙifta. Wuta ce ke yankewa kafin ta kai koyil. Je ka gaya wa ƙafarka ta kwantar da hankalinta."

Sannu-Sannu ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, wani sanyi ya sauko masa a rai.

Amma sanin wuta ce daban, sanin inda take yankewa daban. Suka koma rumfa. Aka bar injin yana aiki, Sai-Na-Gani ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Ya taɓa kan batir, ya taɓa fis, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari ya ja wannan ya murɗa wancan. Ƙwan ko gezau. Ya fito da ƙura a ka yana tsaki.

"Mu koma gargadar nan," in ji shi.

Wannan karon bai kalli ƙwan ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasan sitiyari, inda wayoyin suke. Mota ta shiga gargada, zoben makullai ya yi lilo ya daki gwiwar Sannu-Sannu, kamar yadda yake yi shekara da shekaru ba wanda ya kula, motar ta fizga.

Sai-Na-Gani ya ɗago a hankali. "Zaga ka sake bi."

Da suka zo wurin ya miƙa hannu ya tallabe makullan a tafinsa. Mota ta wuce sumul. Suka sake zagawa, ya sake tallabewa, ta wuce sumul. A karo na uku ya janye hannunsa. Tau!

Suka tsaya. Injin na aiki, ya sa ɗan yatsa ɗaya ya ja zoben gefe kaɗan. Ƙwan ya mutu, injin ya shaƙe. Ya saki, suka dawo tare.

"Mijin Yaya, wannan makullin mota ne ko na gidan kurkuku?" Ya auna zoben a hannu. "Bayan ramin da kake zura makulli akwai suwici, cikinsa 'yan ƙarafa ne ƙanana da ke haɗa wuta. Shekara ashirin kana rataya musu wannan kaya yana ja yana lilo, ai dole su cinye. Yanzu da an shiga rami sai makullin ya ɗan koma baya, wuta ta yanke ta dawo. Tsaya ma tukuna. Bakanike da Auta, da wane makulli suka gwada?"

Sannu-Sannu ya ce, "Na biyu."

Sai-Na-Gani ya bushe da dariya har yana dukan cinya. Da ya juyo ya ga fuskar mijin yayarsa, dariyar ta tsaya.

"Ashe dai ni ne," in ji Sannu-Sannu.

"Taurin kanka ne, ba tsufanka ba. Kuma ba sai ka kai mata maganar makullai ba. Ka ce suwici ya lalace an canza. Ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce. Amma ba duka ke nan ba."

"Kai ka sani," in ji Sai-Na-Gani, ya jawo akwatin kayan aikinsa.

Kafin la'asar an sa sabon suwici. Abin da ya fi ba su wahala shi ne raba makullin mota da zoben, don ƙarfen ya ƙi buɗuwa da farce, sai da aka sa filaya. Suka bi gargadar nan sau shida, ƙwan bai ƙifta ba.

Juma'a da yamma ya shiga falo, Auta ma yana nan. Ya ajiye abu uku a kan tebur: tsohon suwici, makullin mota shi kaɗai, da zoben. Ya yi bayani dalla-dalla yadda aka yi masa, bai rage ba bai ƙara ba.

"Ba ƙafata ba ce, Likita. Amma ni na jawo. Ranar tifar nan, makullaina ne suka kashe motar da yaranki a ciki. In kin ce in huta, ga makullin nan."

Auta ya buɗe baki, yayarsa ta kalle shi, ya rufe. Ta ɗauki zoben tana juya makullan ɗaya-ɗaya.

"Baba, wannan ai na shago ne. An sayar da shagon tun bara waccan. Wannan na ofis, ofishin ma an rushe shi. Ɗakin injin wuta ni da kaina na canza kwaɗon." Ta ɗago. "Nawa ne a ciki suke buɗe wani abu yanzu?"

"Uku. Ƙofar waje, sito, da tanki."

"Ka san da haka?"

"Na sani."

"To me ya sa kake yawo da sauran?"

Ya kalli zoben, bai kalle ta ba. "Shi ya ba ni da hannunsa. Bai ce in kawo ba."

Ta ci gaba da juya zoben. Yatsunta suka tsaya a kan wani ɗan ƙaramin makulli da ya yi tsatsa, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta gane shi, na kwaɗon kekenta ne. Ta daɗe tana kallonsa, idonta ya ciko, ta sa bakin mayafi ta goge. Sannan ta tura masa zoben a kan tebur.

"Ni ma ban ce ka kawo ba, Baba." Ta ɗauki makullin motar ta miƙa masa da hannu biyu. "Ka yafe mana, ni da Auta. Litinin, bakwai saura kwata. Waɗancan kuma, don Allah, a aljihu."

Aljihu ya ƙi ɗauka, kwana biyu ya yage. Matarsa ta zauna ta ɗinka masa wani da ƙyalle mai kauri, ninki biyu, tana mita wai ta auri direba ta ƙare da mai gadin kurkuku.

Ranar Litinin ya wanke mota, ya duba baƙin mai, ya saurari injin, ya ƙwanƙwasa. Da suka zo gargadar ya rage gudu, gwiwarsa na jiran dukan da ta saba, bai zo ba. Ƙaramar ta leƙo daga baya ta ce, "Baba, ina kacau-kacau ɗinka?"

Sai da ya tsallaka babban titi, ya tsaya a ƙofar makaranta, ya ja birkin hannu. Sannan ya girgiza mata aljihu, ya fita ya buɗe musu ƙofa.